Mai Rami Kada Ya Riƙe Alƙalamin Doka

Akwai wata magana da takan tashi a cikinmu duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato. Ana jinta a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, ana jinta a tashar motocin Adjamé da rumfunan kasuwar Treichville a Abijan, ana kuma jinta a gida, daga Bukuru har Barikin Ladi. Maganar kuwa ita ce, wai in attajirin da ya yi arziki da haƙar ma'adinai ya fito neman mulki, sai a ba shi, gama ya riga ya ƙoshi, ba zai taɓa kuɗin gwamnati ba. Ga shi kuma da hannun kyauta, ya rufa mana majami'a da kwano, ya gina makaranta. Na ɗauki alƙalami domin in ce wannan magana ruɗi ce, ruɗi mai tsada kuwa, wanda talakawa ke biya da gonakinsu da ruwan shansu. Ba a ba kura ajiyar nama don an ga cikinta ya cika yau.

Wanda ke zaune a Treichville ba sai an kai shi nesa ba kafin ya gane abin da nake nufi, gama tashar jiragen ruwa tana nan kusa da shi. Tun da aka fasa mashigin Vridi a 1950, aka buɗe tashar a 1951, ta nan arzikin Kwaddibuwa da na maƙwabtanta marasa teku yake fita: koko, da auduga, da kashu, da kuma abin da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa, kamar manganis na Bonduku da Lauzoua. Kowace tirela da ta shigo da wannan baƙin dutse, akwai takarda a bayanta. Takardar ce ta faɗi gonar wa za a tone, nawa za a biya mai gonar, nawa za a ba gwamnati, wa kuma zai cike ramin in an gama. A Kwaddibuwa da Nijar da Nijeriya duka, doka ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. Manomi yana da abin da garmarsa ta taɓa kaɗai. Mai sayar da atamfa daga masu saye yake samun ribarsa, amma mai rami, ribarsa daga sa hannun hukuma take farawa. In ya zama shi ne hukumar, to, mai ƙara ya zama alƙali ke nan.

Domin kada a ce zato nake yi, bari mu bi rayuwar mutum guda daga haihuwa har kabari. Na zaɓi wanda ya daɗe da mutuwa, wanda ayyukansa suke a rubuce kowa na iya dubawa, wanda kuma labarinsa ya shafi ikkilisiya kai tsaye. Sunansa Cecil John Rhodes.

Ɗan Fasto a Bakin Rami

An haifi Rhodes a 1853 a wani ƙaramin gari na Ingila mai suna Bishop's Stortford. Ubansa Rabaran ne na ikkilisiyar Anglikan, watau ɗan gidan fasto ne. A 1870, yana da shekara 17, aka tura shi wurin wansa mai noman auduga a Natal, cikin Afirka ta Kudu. Shekara guda bayan haka ya tafi Kimberley, inda aka gano lu'ulu'u, mutane suna ta tururuwa kamar fari. Shi da abokinsa Charles Rudd suka sami kwangilar zuƙe ruwa daga ramuka, suka riƙa sayen filayen ƙananan masu haƙa ɗaya bayan ɗaya. A 1887 ya kafa kamfanin zinariya. A 1888, da kuɗin bankin Rothschild a bayansa, ya haɗiye babban abokin gasarsa Barney Barnato, aka kafa De Beers Consolidated Mines. Ba da daɗewa ba wannan kamfani ya riƙe kusan kashi 90 cikin 100 na lu'ulu'un da ake haƙa a duniya.

Sai mu lura da abu guda. Rhodes bai jira ya gama tara dukiya ba kafin ya shiga siyasa. Tun 1881, yana da shekara 27, ya shiga majalisar dokoki ta yankin Cape a matsayin wakilin Barkly West, ya kuwa riƙe kujerar har mutuwarsa. Ramin da kujerar tare suka girma kamar tagwaye, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. A 1882 majalisar ta yi dokar cinikin lu'ulu'u bisa ga matsin masu ramukan Kimberley. Dokar ta ce duk wanda aka kama da ɗanyen lu'ulu'u, shi ne zai kawo shaidar cewa ba sata ya yi ba, aka kuma kafa kotu ta musamman domin wannan. Bayan 'yan shekaru kamfanonin suka fara kulle leburori baƙar fata a bariki mai shinge, daga rami sai bariki, daga bariki sai rami, har wa'adin aikinsu ya cika. In mutum zai tafi gida, sai a tsare shi kwanaki ana binciken jikinsa da bayan gidansa, ko ya haɗiye dutse. De Beers har fursunoni ta riƙa karɓa daga hannun gwamnati suna yi mata aiki.

Abin da Ya Yi da Kujerar

A 1890 Rhodes ya zama Firayim Ministan Cape. Bai ajiye shugabancin De Beers ba, bai kuma ajiye kamfanin British South Africa Company ba, wanda za mu zo kansa. Hula uku a kai ɗaya. To, me mutumin da ya riga ya ƙoshi ya yi da mulki?

A 1892 gwamnatinsa ta sake dokar zaɓe. A dā, duk namijin da ke zaune a gida ko fili mai darajar fam 25 yana da ƙuri'a, ko baƙi ne ko fari. Aka ɗaga shi zuwa fam 75, aka ƙara da cewa sai wanda ya iya rubuta sunansa da adireshinsa da sana'arsa. Da wannan aka datse wa baƙar fata da yawa hanyar akwatin zaɓe. A 1894 ya kawo dokar Glen Grey da hannunsa. Dokar ta yanka wa kowane magidanci ɗan fili guda wanda ba a raba shi ga 'ya'ya, watau sauran 'ya'yan maza ba su da gona ke nan. Ta kuma ɗora harajin sule 10 a kan namijin da bai fita daga gundumarsa ya yi aikin ƙodago na wata uku a shekara ba. Ina saurayi marar gona zai tafi, haraji kuma na bin sa? Sai gonar Bature, ko rami. Wa ke da rami? Firayim Minista. An soke harajin bayan 'yan shekaru, amma tsarin matse baƙar fata a ɗan lungu domin su zama leburori masu araha ya zauna, har ya kai ga dokar filaye ta 1913, wadda ta bar musu kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasarsu.

Ga amsar masu cewa attajiri ba zai yi sata ba. Me zai kai shi baitulmali da dare, alhali alƙalamin doka na hannunsa da rana? Ƙaramin ɓarawo shi ke fasa akwati, a kama shi a kai shi gaban alƙali. Mai rami da ya hau kujera layi ɗaya zai gyara a cikin doka, ya rage harajin ma'adinai, ko ya rage diyyar gona, ko ya sassauta sharaɗin cike rami, ribar da zai ci ta fi ta akwati ɗari, ba kuwa kotun da za ta kira shi, domin abin da ya yi ya zama halal a takarda.

Ƙoshin ma da ake faɗi, ina yake? A ƙarshen 1895, mutumin da ke da lu'ulu'un duniya a tafin hannunsa ya ƙulla makirci domin ya kifar da gwamnatin Transvaal, inda zinariyar Johannesburg take. Abokinsa Dokta Jameson ya ƙetare iyaka da mayaƙa, aka ci su da yaƙi cikin 'yan kwanaki, Rhodes ya sauka daga mulki a Janairun 1896 da kunya. Kwaɗayin arziki ƙishirwa ce irin ta mai shan ruwan gishiri.

Takardar 1888 da Tafintanta

Yanzu mun zo inda maganar ta shafe mu masu bi, inda kuma ta fi ɗaci. Arewa da kogin Limpopo akwai ƙasar Ndebele, sarkinta Lobengula. Rhodes yana zaton akwai zinariya a can wadda ta fi ta Johannesburg. Amma Lobengula bai yarda da 'yan kasuwar Turawa ba. Waɗanda ya saba da su, ya kuma amince musu, su ne 'yan mishan, gama tun zamanin ubansa Mzilikazi akwai abuta tsakanin gidan sarautar da Robert Moffat mai wa'azin bishara.

Ta wannan ƙofa aka shiga. A Fabrairun 1888 John Smith Moffat, ɗan Robert Moffat, wanda shi ma ya taɓa aikin mishan kafin ya koma ma'aikacin gwamnati, ya sa Lobengula ya yi alkawari ba zai ba wata ƙasa filinsa ba sai da yardar Ingila. Ran 30 ga Oktoban shekarar, Charles Rudd ya sami sa hannun sarkin a kan takardar da ta ba su ikon dukan ma'adinan ƙasarsa. Ladan kuwa bindiga 1,000, da harsashi 100,000, da fam 100 kowane wata, da jirgin ruwa a kogin Zambezi ko fam 500 a madadinsa. Lobengula bai iya karatu ba. Tafintan da ya fassara masa, ya kuma sa hannu cewa an bayyana wa sarki kome daidai, shi ne Rabaran Charles Helm na mishan ɗin London Missionary Society. Da baki an gaya wa sarki Turawan da za su zo haƙa ba za su wuce goma ba, za su kuma bi dokarsa. Wannan magana ba ta cikin takardar.

Sa'ad da Lobengula ya gane, ya aika da manzanni har wurin Sarauniya Victoria a 1889 ya ce bai yarda ba. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A Oktoban 1889 Sarauniya ta ba kamfanin Rhodes takardar izinin mulki. A 1890 ayarinsa ya shiga ƙasar Mashona. A 1893 aka auka wa Ndebele da bindigar Maxim mai aman harsashi, bayan an yi wa kowane mayaƙi alkawarin gona mai eka 6,000, da filin haƙar zinariya, da rabo daga ganimar shanu. Lobengula ya mutu yana gudun hijira a farkon 1894. A 1895 aka raɗa wa ƙasar sunan attajirin, Rhodesia, sai 1980 ta zama Zimbabwe.

Kada mazaunin Abijan ya ce wannan labarin nesa ne. Unguwar Treichville sunan Marcel Treich-Laplène take ɗauke da shi, ma'aikacin ɗan kasuwar nan Arthur Verdier, wanda Faransa ta naɗa wakilinta a bakin teku. A cikin 1888 ɗin nan da aka sa Lobengula ya dangwala hannu, Treich-Laplène yana Bonduku yana karɓar sa hannun sarki a kan tasa takardar. Ɗan kasuwa ya zama hukuma, takarda ta tafi gaba, ƙasa ta bi baya. Salon ɗaya ne a kudu da yamma.

Kyautar da Ke Rufe Baki

Masu kare attajiri sukan ce, to, ai yana kyauta. Rhodes ma ya yi kyauta, irin wadda attajiranmu ba su kama ƙafarta ba. Bayan an ƙwace ƙasar, kamfaninsa ya rarraba wa ƙungiyoyin mishan filaye. 'Yan Adventist suka sami eka 12,000 a Solusi, 'yan Methodist na Amurka suka sami wajen eka 13,000 a Old Umtali, 'yan Jesuit suka sami Chishawasha, 'yan Wesley suka sami Epworth. A kan waɗannan filaye aka gina majami'u da makarantu da asibitoci, mutane da yawa kuma suka amfana, ba mai musun wannan. Amma filin na wa ne? Wanda ya ba da shi, a ina ya samo shi? Sa'ad da ya mutu a 1902, yana da shekara 48, ya bar dukiya domin a riƙa kai ɗalibai Jami'ar Oxford, har 'yan Afirka sun ci moriyarta daga baya. Duk da haka a 2015 ɗaliban Jami'ar Cape Town suka tilasta aka tumɓuke gunkinsa, domin jikokin leburori ba su manta ba.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ikkilisiyar da ke zaune a kan filin da kamfani ya ba ta, da wane baki za ta tsawata wa kamfanin ran da ya kori maƙwabtanta? Mun san labarin Nabot da gonar inabinsa a Littafin Sarakuna na Fari. Ahab bai tsallake shinge da dare ba. Wasiƙa aka rubuta da hatimin sarki, aka tara dattawan gari, aka kawo shaidu, aka bi tsari daki daki, sa'an nan aka jejjefe mai gona. Dattawan garin duk sun yi shiru. Da Iliya yana cin abinci a teburin Yezebel kamar sauran annabawan fada, da ba a sami mai zuwa gonar ya faɗi gaskiya ba.

Allah kuwa bai bar kansa ba mashaidi a zamanin Rhodes. A 1895, da aka ji ana shirin miƙa ƙasar Bechuana ga kamfaninsa, sarakuna uku, Khama da Sebele da Bathoen, suka shiga jirgi zuwa Ingila, Rabaran W. C. Willoughby yana yi musu ja-gora da tafinta. Suka bi majami'u da zaurukan taro gari gari suna kai kuka. Tafiyarsu, tare da abin kunyar Jameson da ya biyo baya, ta hana kamfanin haɗiye ƙasar, ita ce Botswana ta yau. A cikin Rhodesia kanta, John White na Methodist da Arthur Shearly Cripps na Anglikan suka tsaya wa baƙar fata a kan maganar filaye da zaluncin ma'aikatan kamfani, Turawa 'yan'uwansu suna zaginsu. Helm da Willoughby 'yan mishan ɗaya ne, aikin tafinta ɗaya suka yi. Ɗaya ya ara wa attajiri amincin da mutane suka ba shi, ɗaya ya ara wa masu ƙasa harshensa. Fastocinmu da dattawanmu na yau, su ma tafintoci ne tsakanin mai kuɗi da jama'a, gama in sun ce wane mutumin kirki ne, jama'a za su dangwala.

"Ai Wannan Namu Ne"

Na san abin da wani zai ce. Rhodes Bature ne ɗan mulkin mallaka. Wanda muke magana a kansa ɗan ƙasa ne, yarenmu ɗaya, wataƙila ma ikkilisiyarmu ɗaya. Gaskiya ne zamani ya sake, masu rami na yanzu da yawa 'ya'yan Afirka ne, hanyarsu daga rami zuwa siyasa kuma a buɗe take. A Filato, marigayi Da D. B. Zang, mutumin Gyel, ya yi arziki da kuza, ya kafa makarantar sakandare a Bukuru, ya kuma shugabanci jam'iyyar NPP ta jihar a Jamhuriya ta Biyu. A Mali, Aliou Boubacar Diallo na kamfanin zinariya Wassoul'Or ya zo na uku a zaɓen shugaban ƙasa na 2018, aka zaɓe shi ɗan majalisa daga Kayes a 2020. A Kwango, Moïse Katumbi, wanda ya yi arziki da kwangilar ramukan jan ƙarfe, ya yi gwamnan Katanga daga 2007 zuwa 2015, ya zo na biyu a zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Ban kawo sunayensu domin in ɗora musu laifin Rhodes ba. Abin farin ciki ne ɗan ƙasa ya mallaki abin da a dā sai baƙo. Na kawo su domin a ga tambayar tana ƙofar gidanmu.

Amma zama ɗan ƙasa ba ya warware matsalar, domin matsalar tana cikin haɗa hula biyu a kai ɗaya. Ku dubi Bolibiya a Kudancin Amurka. Gonzalo Sánchez de Lozada ɗan ƙasar ne, mai babban kamfanin ma'adinai COMSUR. Ya yi shugaban ƙasa daga 1993 zuwa 1997, a zamaninsa kuma aka yi sabuwar dokar ma'adinai ta 1997, watau mai rami ya sa hannu a dokar rami. Ya dawo mulki a 2002. A Oktoban 2003 talakawa suka tashi a kan shirin sayar da iskar gas ɗin ƙasar, sojoji suka kashe fiye da mutum 60, ya ajiye mulki ya gudu Amurka.

Zancen bangaskiya kuma, wa ya fi Rhodes kusa da bagade, shi da aka haifa a gidan Rabaran? Ko mutumin kirki ne na gaske, kada mu sa shi cikin jaraba. Ranar da manoman wani ƙauye suka kawo ƙara cewa ruwan wankin ma'adinai ya kashe musu rafi, kamfanin kuwa nasa ne, kwamishinan da zai bincika shi ya naɗa shi, 'yan sandan da za a tura yaransa ne, wace shari'a muke sa rai a yi? Mutum ba ya yi wa kansa aski a ƙeya.

Wa Ke Biyan Bashin Ramin?

Mutanen Filato sun san amsar. A majalisar da Turawa suka kafa a Legas a 1923 an keɓe kujera domin masu haƙar ma'adinai, ba a keɓe ko ɗaya domin manomin Birom da ake tone gonarsa ba. Daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace kuzar Malaya, aka yi diban gwamna, aka kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa aka kawo su aikin tilas cikin sanyin Jos, da yawa ba su koma gida ba. A 1985 farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya, aikin manyan kamfanoni ya mutu. Me aka bar mana? Tafkuna masu zurfi a inda dā ake noman acca, suna cin yara da shanu har wa yau. Masu hannun jari sun kwashe rabonsu tuntuni, ramin kuwa gadonmu ne.

A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. A Perkoa ta Burkina Faso, wadda a dā ake kawo ma'adininta na zinki tashar Abijan, ruwa ya cika rami a Afrilun 2022, ma'aikata takwas suka mutu a ciki. A can kotu ta sami manyan jami'an kamfanin biyu da laifin kisa ba da niyya ba. Ku tambayi kanku, da mai ramin shi ne shugaban ƙasa, da an yi wannan shari'a?

Mazauna Abijan kuma ba su manta da Agustan 2006 ba, sa'ad da aka kwashe dattin guba daga jirgin Probo Koala aka zubar a Akouédo da wasu unguwanni, fiye da mutum 100,000 suka nemi magani. A Fabrairun 2007 kamfanin Trafigura da ya yi hayar jirgin ya yarda ya biya gwamnati sefa biliyan 100 ba tare da amsa laifi ba, gwamnati kuma ta janye ƙara. In haka ake daidaitawa alhali mai kuɗi yana gefe ɗaya na tebur, hukuma na ɗaya gefen, yaya ke nan in mutum ɗaya ne zaune a kujerun biyu?

Abin da Ya Kamata Mu Yi

Ba na cewa a hana attajiri tsayawa takara. Ɗan ƙasa ne, yana da 'yancinsa kamar kowa. Amma mu ma muna da 'yancin tambaya, tambayar kuwa tun kafin ƙuri'a ake yin ta. In ya zo, a tambaye shi a gaban jama'a: lasin haƙa nawa kake da shi, da sunanka ko da sunan matarka da 'ya'yanka? Za ka rabu da su kafin ka hau kujera, ko za ka riƙe? Ramukan da ka gama da su, ka cike su? Masu gonakin, nawa ka biya su, ina takardar? Leburorin da ƙasa ta rufta wa, wa ke ciyar da marayunsu? Wanda ya amsa da hujja, a saurare shi. Wanda ya amsa da buhun shinkafa, ya riga ya ba da amsa.

Ga shugabannin ikkilisiya kuma ina roƙo. Kada a ba ɗan takara bagade ya yi jawabi, ko nawa ya kawo. Kada a karɓi kyautarsa a lokacin neman ƙuri'a. In da gaske domin Allah yake bayarwa, bayan zaɓe ma Allah yana nan. Abin da aka karɓa a wani lokaci, a rubuta shi a littafin ma'aji, a karanta wa jama'a. Wasiƙar Yaƙub ta riga ta gargaɗe mu a kan ba mai zoben zinariya kujerar gaba, a bar matalauci a tsaye. Mu tuna kuma da Zakka na Yariko, wanda bai tsaya ga rabon sadaka kaɗai ba, sai da ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu. Attajirin da ke so ya rufa mana majami'a, a fara raka shi ƙauyen da ya tone, ya gyara musu rijiya. Gara mu yi sujada a ƙarƙashin ciyawa bakinmu a buɗe, da mu zauna a ƙarƙashin kwano mai ƙyalli an ɗinke mana baki.

Ku kuma 'yan'uwa na Adjamé da Treichville, masu ɗaukar kaya a tasha, da masu sayar da garba, da masu shago, da masu gadi, na san da yawanku baƙi ne a Kwaddibuwa, ba ku da ƙuri'a a can. Amma kuna aika kuɗi gida, ana kuwa jin maganar mai aikowa. Kun ga jiragen da ke tashi da arzikin ƙasa da idonku, kun san ba ya dawowa. In an buga muku waya daga gida ana yabon wani mai rami da ke neman kujera, ku tambaye su gonar wa ya tone, ku kuma gaya musu labarin Lobengula da tafintansa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ubangiji ya ba shugabanninmu zuciya irin ta Iliya, ya ba mu duka idon da zai duba bayan kyauta ya ga ramin da ta fito. Amin.